Malam Siddiq da Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Ni Lado mai walda na bakin hanyar Batagarawa, ban yarda da mutumin da ya zo mani da biro da takarda ba, kuma ina da dalilina. A zamanin soja wani ya zo layinmu yana washe baki kamar mai neman aure, ya rubuta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce taimako za a kawo mana. Sati biyu tsakani sai ga katafila. Rumfata ce ta uku da aka kwashe, da ƙarafuna da komai. To duk abin da zan faɗa a kan Malam Siddiq, a san da wane ido na fara kallonsa.

Unguwarmu ɗaya, Kambarawa, na girme shi da shekara bakwai. Mahaifinsa Malam Tanko tela ne, a zaurensa yake ɗinki. Siddiq tun yana ƙarami ba shi da aiki sai tambaya. Sauran yara su bi ka suna neman alewa, shi kau ya tsare ka da me ya sa. Me ya sa teloli biyu suna zaure ɗaya, kekensu iri ɗaya, amma ɗaya layi ake yi a gabansa, ɗaya yana korar ƙuda? Ubansa ma rannan ya gaji ya ce mashi ya je ya tambayi ƙudan. Aka sa shi boko, ya zarce jami'a, ya karanto ilimin tattalin arziki, ya dawo yana koyarwa a wata kwaleji nan cikin gari. Ya auri Zulaihat, ɗiyar maƙwabcinmu, ya sayi tsohuwar basfa wadda sai an tura ta take tashi. Mutum ne siriri, ba hayaniya, aljihun gaban rigarsa kullum da tabon tawada. Tsakanina da shi gaisuwa ce a masallaci da wurin jana'iza, shi ke nan.

Shekarar da soja suka koma bariki, bayan an kwashe amfanin gona, sai ga basfar nan ta tsaya a ƙofar shagona. Ya sauko da jaka a hammata. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya tambayi jikin Babaji, maigidana da ya koya mani sana'a. Wannan ce ta fara tsaya mani a rai. Me ya haɗa malamin kwaleji da tsohon maƙeri?

"Yaya Lado," in ji shi, "karatun digirin dakta nake yi. Bincike ne a kan ƙananan masana'antu irin naku: me ke sa wani shago ya fito da sabon abu, wani bai fito da shi ba. Jami'a ta ba ni shekara huɗu. In na kai kundin a kan lokaci, alhamdu lillahi. In ban kai ba su cire sunana, kwalejinmu kuma sau ɗaya take ba mutum wannan damar."

Na ce, "Allah Ya taimaka. To ni mene ne nawa a ciki?"

Sai ya zaro takarda. Ilai kuwa!

Ya zauna a kan bencina ya yi ta bayani. Wai yadda nake zana ƙofa da alli a ƙasa kafin in yanka ƙarfe, haka shi ma yake zana sana'ar gari da lissafi. Zai bi shaguna ɗari da arba'in, 'yan walda da kafintoci da masu gyaran inji, duk shekara sau ɗaya. Ya zuba amsoshinsu cikin lissafin, lissafin ya nuna mashi abin da ke haifar da ƙirƙira: daɗewa a sana'a ne, ko samun wutar lantarki, ko yawan masu saye. Ya ce kada in damu, ba za a rubuta sunana ba, lamba za a sa mani. Ni ne goma sha bakwai.

Na ce, "Lamba? Malam Siddiq, ni dai fursuna na san ana ba lamba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Tambayoyin farko ba su da wata illa: shekara nawa ina sana'a, wa ya koya mani, sau nawa ake ɗauke wuta a sati. Sai ya zo ta goma sha ɗaya, ya karanta a hankali: "A cikin shekara uku da suka wuce, ka ƙirƙiro wani sabon abu, ko ka sauya yadda ake yin wani aiki?"

Abin da yake nema kuwa yana nan taku biyu daga ƙafarsa, a ƙarƙashin buhunan taki da nake rufe shi da su kullum.

Injin ɓare gyaɗa ne. Waɗanda ake kawowa daga nesa, sandunan ƙarfe ne ke murza gyaɗar a jikin raga, sai su farfasa ƙwayar. Mai ƙuli-ƙuli ba ta damu ba, amma manomin da ke son iri kuka yake yi. Na yi shekara biyu ina fama, na ɓata gyaɗa ta fi buhu, kafin Allah Ya nuna mani in cire sandunan in sa yankan tsohuwar tayar mota. Roba tana murje ɓawo ta bar ƙwaya lafiya lau. Manoman Batagarawa suka fara zuwa, wannan ya faɗa ma wancan.

Na dubi tsakiyar idonsa na ce, "A'a. Yadda muka gada haka muke yi."

Kada wani ya ce tsoro ne kaɗai. Tsoro akwai shi: yau ka ce ka ƙera sabon inji, gobe mai haraji ya zo, jibi wani babban mutum ya kwafe zanen ya buɗe kamfani ya bar ka da hamma. Amma ko babu wannan, mu a sana'armu muddin maigidanka yana numfashi, ba ka da abin kanka. Mutumin da ya riƙe hannunka ya gwada maka yadda ake riƙe guduma, ka tashi a gaban baƙo ka ce ka yi abin da bai iya ba? Tir! Duk wanda ya sayi injin nan, abin da nake ce mashi shi ne, aikin Babaji ne.

Yana tafiya na tara mutanen layi a gindin bishiyar bedi, don ni ne shugabansu a lokacin. Na tuna masu katafila. Na ce farar hula sun hau, to madalla, amma biron da ya rubuta mu a zamanin soja tawadarsa ba ta ƙare ba. Na ce duk wanda aka yi ma tambaya ta goma sha ɗaya, amsa ɗaya ce. Sule mai ƙera murhu ya ce, "Haba Lado, sai ka tara mu? Wa zai buɗe baki ya ce ya wuce maigidansa?" Sulen nan kuwa shi ya fito da murhun da ke cin rabin gawayin da sauran ke ci. Magana ta bi gari, daga layinmu zuwa kafintocin Ƙofar Ƙaura, har masu gyaran injin markaɗe na cikin birni.

Shekara ta zagayo ya dawo da sabuwar takarda, tambayoyi iri ɗaya. Na ce a raina, mai neman sani sau ɗaya yake tambaya, mai maimaitawa so yake ya kama ka da ƙarya. Rannan yana barin layinmu na tare ɗan kabu-kabu na ce ya bi mani basfar can. Ina ya nufa? GRA! Unguwar manya. Ya shiga wani gida mai dogon shinge da jakar takardunmu, ya yi awa biyu cur. Daga baya na ji wai abokin karatunsa ne ke da kwamfuta a gidan yake ara mashi. Wai. Ni dai abin da idona ya gani na kawo ma mutanen layi, har na ƙara mashi gishiri.

A shekara ta uku ya rame, wuyan rigarsa ya yi mashi yawa. Matata Tani ta dawo daga wani suna ta ce ta haɗu da Zulaihat, tana cewa mijinta ya baza takardu a tsakar ɗaki har babu wurin taka ƙafa, in an kai mashi abinci sai ya huce bai taɓa ba. Na ce, "Turo ta aka yi ta faɗa maki don ki faɗa mani." Tani ta ce, "Kai dai Malam, ko ruwan sama ya sauka sai ka ce da wanda ya turo shi." Ban kula ta ba.

Da ya zo ya gama cike takardar, ya rubuta a'a ɗina ta uku, sai ya ajiye biro ya dube ni.

"Yaya Lado, lissafin ya ƙi tafiya."

"Ashsha. Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Amma shago ɗari da arba'in, kowa ya ce a'a. Ka ga sikeli, in duk abin da ka ɗora mashi ya nuna sifiri, ta yaya za ka san wanne ya fi nauyi? Sai an samu masu cewa i da masu cewa a'a sannan lissafi zai iya gwada su."

"To ai ka samu amsa. Ba mu iya komai ba, rubuta."

"Haka malamin da ke duba aikina ya ce. Ya ce in rubuta abin da lambobi suka nuna, cewa masu sana'ar hannu a Katsina ba sa ƙirƙira, maimaita abin da suka gada kawai suke yi. Ya ce kundi ne mai kyau, za a karɓa."

"To me kake jira?"

Ya ce, "Murhun da matata ke girki da shi, a layin nan ta saye shi."

Wallahi maganar ta taɓa ni, amma nan da nan na dawo hayyacina. Na ce wannan sabon salo ne: an gwada fara'a ba ta ci ba, yanzu an koma neman tausayi. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin hanya, har na tura mashi basfar.

Shekara ta huɗu ita ce ta zaɓe na biyu, gari ya cika da fastoci, kowa na zargin kowa. Mutumin ya zo da takardarsa kamar kullum, ya rubuta a'a ɗina ta huɗu ya tafi. Sai labari ya ishe ni cewa an ga Malam Siddiq a ƙauyukan Batagarawa yana durƙusawa gaban injinan gyaɗa, yana shafa robar da hannu. Kwana biyu bayan haka Sule ya shigo shagona da sauri ya ce ga basfa can a ƙofar gidan Babaji. Na yar da abin walda na fita ko hula ban ɗauka ba. Tsoho makaho za ka je ka yi ma wayo?

Na ishe su a zaure. Babaji yana kan buzu, idanunsa sun daɗe da rufewa. Mutum ne da tun da yake bai taɓa riƙe abin walda ba, fartanya da lauje ya ƙera har ƙarfinsa ya ƙare. Malam Siddiq ya durƙusa a gabansa. Babu takarda a hannunsa, na duba.

"Baba," in ji shi, "manoma sun ce injin gyaɗa mai robar taya a shagon Yaya Lado ake yin sa. Shi kuma yana ce masu aikinka ne."

Babaji bai san da wani inji ba, ban taɓa faɗa mashi ba.

Tsohon ya gyara zama ya ce, "Robar taya? Af, wannan ai tsohon abu ne. Wurin mahaifina na gani."

"Allah Ya jiƙansa. Yaushe ya rasu, Baba?"

"Ina ɗan saurayi. Lokacin motocin garin nan ba su kai yatsun hannu ba, in ɗaya ta wuce sai mu bi ta da gudu."

Babaji bai yi komai ba sai abin da kowane maigida zai yi. Abin da wanda ka koya ma sana'a ya ɗora maka, ba ka ƙaryata shi a gaban baƙo, ba ka kuma riƙe abin, sai ka miƙa ma naka maigidan. Malam Siddiq ya dubi tsohon, ya dube ni, sai ya fara dariya, wata dariya marar daɗin ji, har ya sa hannun riga ya goge ido.

Da muka fito ya jingina da basfa ya ce, "Shekara huɗu ina zaton tsorona kawai kuke ji, ina cewa in na yi haƙuri za ku saba da ni. Ashe tambayar ce ba ta da ladabi. Ni ɗan tela, a zaure na tashi, na ji mahaifina sau dubu yana cewa ɗinkin maigidansa ne. Amma na ɗauko tambaya daga littattafan wata ƙasa na kawo maku yadda take."

Sannan ya matso kusa da ni.

"Yaya Lado, sati uku ya rage mani. Ba zan ƙara tambayar kowa ko ya ƙirƙiro ba. Abin da zan tambaya shi ne: a cikin aikin da kuka gada, wanne ne aka fara yi a wannan shagon? Ka ga babu wanda ya wuce maigidansa. In kai ka amsa layi zai amsa, in layi ya amsa gari zai amsa. Kwana goma ya ishe ni in zagaye su, sauran in ƙarasa rubutu."

Tambayar ta yi, ba zan ƙi gaskiya ba. Ko a gaban Babaji zan iya amsa ta kaina a sama. Amma sai zuciyata ta ce, Lado, dubi yadda ya gano ƙofar shiga. Mutumin da ya iya wannan dabara, me kuma ya iya? Ga zaɓe ya matso, ga raɗe-raɗin wai za a tashi masu rumfunan bakin hanya. Na ce mashi, "Bari in yi shawara."

Ya zo bayan kwana uku, na ce ba mu samu zama ba tukuna. Ya zo bayan sati, na hango basfar daga nesa, na zagaya bayan shago na tsaya cikin rana, ni da furfurata, har ya gaji ya tafi. Ya bi wasu shagunan, kowa ya ce mashi sai abin da Lado ya ce. Hankalina kwance yake. Na ce in dai da gaske digiri yake so, ai yana da kundin da malaminsa ya ce za a karɓa. Zai kai shi. Kowa ma zai kai.

Wata safiyar Laraba sai ga shi da ƙaton kwali ɗaure a bayan basfa. Ya fara daga shagon farko, yana miƙa ma kowa wani abu, yana gaisawa, yana wucewa. Na ce to, yau sammaci ya iso, dama na faɗa. Da ya zo kaina ya zaro takardu huɗu an haɗa su da fil, ya miƙo da hannu biyu. Lamba goma sha bakwai a saman kowacce.

"Amanarka ce, Yaya Lado. Na ce babu wanda zai gani, babu wanda ya gani. Abin da ke cikin kwamfutar ma na goge."

"Kundin fa?"

"Wa'adi ya cika shekaranjiya."

"Ka kai masu wancan ɗin ke nan?"

"Wanne? Wanda ya ce ba ku iya komai ba?" Ya girgiza kai. "In na kai, a laburare za a ajiye shi. Duk wanda ya tashi tsara wani abu a kan masu sana'ar Katsina shi zai buɗe, da sunana a bayansa."

Ban san lokacin da na juya na fizge buhunan nan na watsar ba. Ga inji, ga robarsa baƙa ƙirin. Na ce, "Ga shi! A shagon nan aka fara shi. Rubuta!" Ina faɗa ina huci, sai ka ce shi ya yi mani laifi.

Ko matsowa bai yi ba. Ya ce, "Na san yana nan. Ƙafafunsa suna leƙowa ta ƙarƙashin buhu tun ranar farko, ga ɓawon gyaɗa a ƙasa."

"To me ya hana ka rubutawa?"

"Takardar amsarka take ɗauka, Yaya Lado, ba abin da na leƙa ba."

Ya ɗaure kwalinsa ya wuce shago na gaba.

Jami'a ta cire sunansa. Ɗaliban da ya koyar suka tafi suka dawo da digirin, ɗaya ma ya zama shugaban sashensu, Malam Siddiq yana yi mashi sallama kafin ya shiga ofis. Binciken kuwa bai bari ba. Duk shekara bayan an kwashe amfanin gona yana zuwa da sabuwar tambayarsa, muna amsawa, har lissafin nasa ya tashi ya nuna wai a cikinmu waɗanda suka fi daɗewa a hannun maigida ɗaya su suka fi fito da sabon abu. Ya buga shi a wata mujallar malamai da ban san mai karanta ta ba. Mai haraji bai zo ba, katafila ba ta zo ba, babu wanda ya kwafe injina sai Sule, shi ma ni na gwada mashi.

Har yau wani lokaci ina zama in ce ba zai yiwu ba, dole akwai abin da ya samu a ciki wanda ban sani ba. Na tambaya a unguwa, na sa Tani ta bugi cikin Zulaihat, na lura da rigunansa da basfarsa shekara da shekaru. Ban gano komai ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ya yi ritaya yana Malam Siddiq. Ranar walimarsa mai gabatarwa ya yi kuskure ya ce Dakta, ya ɗaga hannu ya gyara mashi a gaban jama'a, ina zaune a sahu na biyu. Takardun nan huɗu suna cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardar gidana. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san inda tambaya ta goma sha ɗaya take, na kuma san a'a in na gan ta. Tana nan sau huɗu, da kyakkyawan rubutunsa, yadda na faɗa mashi.